Bimbinin Safe: Bakin da Bai Sayar da Kowa Ba

Karatun yau: Suratul Anfal, aya ta 27, Suratun Nahli, aya ta 106, Suratul Ƙasas, aya ta 20.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya raya mu, ya nuna mana wannan safiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Nan da ɗan lokaci gari zai buɗe. Mai shayi zai hura wuta a bakin tasha, manoma su saɓa fartanya, ma'aikata su tsaya bakin titin Kiyawa suna jiran motar Dutse. Amma kafin hannu ya taɓa aiki, harshe ya riga ya fara nasa. Tun daga ƙofar masallaci ake tambayar wa ya dawo daga tafiya, wa ya sayar da me, gidan wa aka ji hayaniya jiya da dare. To, tunda harshe ne ɗan sammako, da shi za mu fara.

Ayar farko da muka karanta tana hana muminai ha'intar Allah da Manzonsa, da kuma ha'intar amanonin da ke tsakaninsu alhali suna sane. Da an ce amana, hankali yakan tafi kan kuɗin ajiya, ko tumakin kiwo, ko gonar marayu. Akwai wata amanar kuma da ba a ƙirga ta, ba a auna ta da mudu, ita ce abin da ka sani game da wani: inda yake kwana, abin da ya mallaka, ciwon da yake ɓoyewa, hanyar da zai bi gobe. Sau da yawa mutuncin mutum, wani lokaci ma ransa, yana rataye ne a kan abin da maƙwabcinsa ya sani. Bari mu dubi waɗanda aka matsa wa har mutuwa don su saki wannan amanar, suka ƙi.

Bafulatanin Futa Jallo a dajin Faransa

Yaƙin Duniya na Biyu, dattawa suna ce masa Yaƙin Hitila. An fara shi a 1939, aka gama a 1945. A ƙasar nan an fi saninsa ta wajen samarin da aka ɗiba soja aka kai Habasha da Bama, da kuma labaransa da ake karanta wa jama'a daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A watan Yunin 1940 sojan Jamus suka murƙushe Faransa cikin makonni kaɗan, suka shiga Faris. Gwamnatin da aka kafa a garin Vichy ta yarda ta yi aiki da 'yan Nazi, kuma har Maraɗi da Damagaram sun zauna ƙarƙashinta zuwa ƙarshen 1942. 'Yan Nazi sun ɗauki kansu jinsin da ya fi kowa daraja. Da wannan aƙida suka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, da ita kuma, a wurare irin su Chasselay kusa da Lyon, suka ware baƙaƙen sojan da suka kama daga cikin farare suka karkashe su.

Cikin baƙaƙen sojan da suka faɗa hannun Jamus a Yunin 1940 akwai wani Musulmi, Bafulatani daga Futa Jallo ta ƙasar Gini, sunansa Mamadu Hadi Ba, Faransawa na kiransa Addi Ba. Ya je Faransa yana aikin kuku, da yaƙi ya tashi ya shiga soja. An tsare shi a garin Neufchateau, ya sulale tare da wasu 'yan'uwansa suka shige dajin yankin Vosges, a gabashin ƙasar. Daga baya mutanen wani ɗan ƙauye mai suna Tollaincourt suka ba shi masauki, ya zauna a cikinsu a matsayin ɗan ƙodagon gona.

Ku dubi halin da yake ciki. Baƙin mutum a ƙauyen da kowa fari ne ba shi da wurin ɓuya. Yaron da ke rarrafe ma ya san shi. Mutum ɗaya ya isa ya je ofishin Jamusawa ya faɗi kalma biyu, magana ta ƙare. Kuma a lokacin akwai masu yin hakan: wasiƙun da ba sa hannu suna ta kwarara ofisoshin 'yan sanda, maƙwabci na kai ƙarar maƙwabci saboda hassada ko tsohuwar gaba. Amma mutanen ƙauyen nan, Kiristoci, suka riƙe bakinsu a kan baƙon da ba addininsu ɗaya ba, ba launinsu ɗaya ba. Wanda ya san tarihin Musulunci dole ya tuna Najjashi, Sarkin Habasha, ranar da jakadun Ƙuraishawa suka zo masa da kyaututtuka don ya miƙa musu sahabban da suka fake a ƙasarsa, ya mayar musu da kayansu.

A Fabrairun 1943 aka yi dokar tilasta wa samarin Faransa tafiya Jamus aikin dole a masana'antu, irin diban gwamna da aka yi wa kakanninmu zuwa haƙar kuza a Jos a waɗannan shekarun. Samari da yawa suka gudu daji. Addi Ba da wani abokinsa Bafaranshe, Marcel Arburger, suka kafa musu sansani, wanda shi ne na farko irinsa a yankin. Sansani kuwa ba ya rayuwa da iska. Kowane burodi da ya isa dajin akwai mai gasa shi, akwai mai ɗauko shi, akwai gidan da aka ɓoye shi kafin dare ya yi. Duk waɗannan mutane suna da suna, kuma sunayen suna cikin kan Addi Ba.

A watan Yulin wannan shekara Jamusawa suka far wa sansanin. Shi ma ya zo hannu, aka kai shi kurkukun Epinal. Abin da suke nema a wurinsa ba ɓoyayye ba ne: wa ya ciyar da ku, wa ya ba ku makwanci? Ya san abin da zai biyo bayan amsar, domin a Yunin 1942 'yan Nazi sun harbe mazan ƙauyen Lidice na ƙasar Cek, suka baje garin. Aka gana masa azaba, bai ambaci kowa ba. Ranar 18 ga Disamba, 1943, aka harbe shi tare da Arburger. Jamusawa sun yi masa laƙabi da baƙin ɗan ta'adda. Ita kuwa Faransa sai a 2003, bayan shekara 60, ta ba shi lambar girmamawa ta 'yan gwagwarmaya. Da a ce yabon mutane ya sa ya yi shiru, da ya yi asara. Mutanen da suka ci gaba da noma gonakinsu, suka aurar da 'ya'yansu, su ne amfanin shirun nasa, kuma Allah ba ya jiran takardar gwamnati kafin ya rubuta aikin bawa.

Ba shi kaɗai ba ne. Nur Inayat Khan, 'yar wani malamin Sufaye daga Indiya, Ingila ta tura ta Faransa a Yunin 1943 tana aika saƙonnin sirri da na'urar rediyo. Cin amana ne ya jefa ta hannun 'yan sandan Gestapo a watan Oktoba. Ta shafe wata 10 cikin mari a kurkukun Pforzheim, ba su samu sunan kowa daga bakinta ba, suka kashe ta a sansanin Dachau ranar 13 ga Satumba, 1944. Akwai kuma Jean Moulin, shugaban mulkin lardi a garin Chartres. A Yunin 1940 Jamusawa suka kawo masa takarda ya sa hannu cewa baƙaƙen sojan Afirka ne suka kashe wasu fararen hula, alhali ƙarya ce. Suka lakaɗa masa duka, ya ƙi ɗora wa bayin Allah laifin da ba su yi ba. Shekara uku bayan haka, yana jagoran ƙungiyoyin gwagwarmaya, aka kama shi, ya mutu sanadiyyar azaba a Yulin 1943 bai tona asirin mutanensa ba. Makomar kowa a lahira tana hannun Allah. Abin da ya rage mana shi ne halin da suka nuna, kuma hali ne da addininmu ya riga ya umarce mu da shi.

Namu na gida

Ba sai mun tsallaka teku za mu san ɗacin ganin baƙo ya shigo ƙasa da bindiga ba. Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin ƙasar Dutse da Kiyawa tana ƙarƙashin Kano. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi a wannan watan. Sakkwato ta faɗi a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a masu ɗimbin yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Mulkin Ingila da na Nazi ba ɗaya ba ne, kuma adalci bai yarda a haɗa su a ma'auni guda ba. Amma tambayar da ke zuwa wa mutumin da aka mamaye ƙasarsa ba ta canzawa: me zan bayar don in tsira, me kuma ba zan bayar ba ko da za a kashe ni?

A nan Jihar Jigawa, Haɗejiya ce ta amsa wannan tambaya da jini. Bayan tawayen da mutanen Satiru suka yi wa Turawa a farkon 1906, Gwamna Lugga ya ƙuduri aniyar gamawa da duk wanda bai sunkuya sosai ba. Aka tura runduna daga Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da manyan bindigogi. Cikin sharuɗɗan da aka aika wa Sarki Muhammadu akwai ya miƙa wasu daga cikin manyan mutanensa. Da ya miƙa su, da wataƙila ya ci gaba da zama a gadonsa, ana yi masa busa da kiɗa. Ya ƙi. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, aka shiga garin, masu doki da mashi suka fuskanci bindiga mai ruwa, aka gwabza a lunguna har ƙofar fada. Sarki ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da mayaƙansa masu yawa. Har yau Haɗejiyawa na kiransa Mai Shahada, muna kuma roƙon Allah ya karɓe su a haka.

Akwai abu biyu a nan da bai kamata mu tsallake ba. Na farko, yawancin sojan da suka ɗana kunamar bindiga a ranar baƙaƙe ne 'yan ƙasa, da yawansu Hausa suke ji, Turawa tsiraru ne ke ba da umarni. Azzalumi bai taɓa cin gari da hannunsa kaɗai ba, sai ya samu na gida. Na biyu, ba duk wanda ya zauna ne matsoraci ba. Malaman wancan zamani sun rabu: wasu suka ga a yi yaƙi, wasu suka ga a yi hijira, wasu kuma, irin su Wazirin Sakkwato Buhari, suka zauna da jama'ar da ba ta da ƙarfin tafiya don addini kada ya rasa masu riƙe shi. Ba mu zo wannan safiya don mu yanke musu hukunci ba. Abin da muke ɗauka daga Haɗejiya shi ne, an taɓa yin shugaba a ƙasar nan da aka ce ya sayi kujerarsa da mutanensa, ya ga cinikin bai yi ba.

Tushen abin a gidan Annabi

Wannan hali yana cikin harsashin hijira. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita Makka tare da Sayyadina Abubakar suka fake a Kogon Sauru, Ƙuraishawa sun sa ladan raƙuma 100 ga duk wanda ya kawo shi. Mutane kaɗan ne suka san sirrin. Abdullahi ɗan Abubakar yana kai musu labarin gari da dare. Amiru ɗan Fuhaira yana kora tumaki a kan sawu don ya ɓace. Nana Asma'u ita ta ɗaure musu guzuri da ɗamararta. Abu Jahal ya zo ƙofar gidansu da mutanensa, ya tambaye ta ina ubanta, bai samu abin da yake so ba, ya ɗauke ta da mari har ɗan kunnenta ya faɗi ƙasa. Shi kuwa ɗan jagoran da aka ɗauka haya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a lokacin bai musulunta ba. Raƙuma 100 na jiransa in ya buɗe baki, amma ya zo da abin hawa a ranar da aka yi alkawari, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku. Shekarar Musulunci da muke ƙirgawa a yau ta ratsa ta bakin mace ɗaya, da saurayi, da makiyayi, da ɗan jagora, ba wanda ya yi yoyo a cikinsu.

Aya ta biyu kuwa rahama ce ga wanda ƙarfinsa ya ƙare. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Ammaru ɗan Yasir. An kashe mahaifiyarsa Sumayya, mahaifinsa ya mutu cikin azaba, shi kuma aka matsa masa har ya furta abin da suke so ya furta. Ya zo wa Annabi yana kuka. Annabi ya tambaye shi halin zuciyarsa, da ya ji tana nan daram a kan imani, bai zarge shi ba. A ƙissar yaron nan da sarki da ma'abota rami, wadda Imamu Muslim ya ruwaito, mun ga bayin Allah na ƙwarai da azaba ta kai su ga nuna wanda ya koya musu addini. Su ma 'yan gwagwarmayar Turai sun san iyakar jikin ɗan Adam, shi ya sa abin da ake roƙon wanda aka kama shi ne ya daure kwana biyu, don sauran su samu su sauya maɓoya. Saboda haka kada wanda yake zaune a inuwa ya yi wa wanda ya karye a hannun azzalumai dariya. Sai dai malamai sun yi iyaka: tilas tana iya halatta wa mutum furta kalma don ya ceci ransa, amma ba ta halatta masa kashe wani don shi ya rayu, domin ransa bai fi na ɗan'uwansa tsada ba.

To, mu nawa aka saye mu?

Ga inda maganar ta dawo kanmu. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ɗaure mu da mari, ba wanda ya ɗora mana bindiga a ka. Waɗancan an nemi sirrin mutane a wurinsu da wuta, suka hana. Mu kuwa sau nawa muke bayar da shi kyauta, don kawai a ce mu ne masu labari?

A ce wani bawan Allah ya kai bijimai biyu kasuwar Shuwarin, ya yi shekara yana turka su. Dillali ya san nawa aka saya. Mai POS ya san nawa ya cira, ya ga ya naɗe kuɗin a leda ya cusa a aljihun ciki. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi ya san ƙauyensu da hanyar da yake bi. Da yamma ɗaya daga cikinsu ya zauna a teburin mai shayi, ana zuba masa madara, ya ce, "Kai, yau Alhaji wane ya kwashi kuɗi!" Ya faɗi adadin, ya faɗi unguwar. Bai yi da mugun nufi ba, hira ce. Amma a ƙarshen bencin akwai wanda bai ce uffan ba, yana ta juya cokali a kofi. In wani abu ya samu Alhajin nan da dare, mai hirar zai zo jaje da safe, ya yi salati, bai san da hannunsa a ciki ba. 'Yan'uwanmu na Zamfara da Katsina sun sha faɗa cewa ɗan bindigar daji bai san gidan kowa ba sai infoma ya nuna masa, infoman kuwa ɗan gari ne, wani lokaci ma ɗan gida. Wani kuɗi ake biyansa, wani kuwa surutunsa ne kawai ya mayar da shi infoma ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma ba kullum wuyan mai bakin yake yanka ba.

Ke ma, 'yar'uwa, ƙawarki ta shigo ɗakinki ta rufe ƙofa, ta gaya miki abin da ke tsakaninta da maigidanta tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce don Allah ya tsaya nan. Kafin la'asar kin naɗi murya a WhatsApp kin tura wa aminiyarki, kin ce ita ma don Allah ya tsaya nan. Ranar suna a unguwa, matar nan ta shigo, aka yi tsit. Wa ya miƙa ta? Haka ma'aikacin asibiti da ya ga sakamakon gwajin jinin wani, da mai gyaran waya da ya buɗe hotunan da ba a ce ya buɗe ba, da magatakardan da fayil ɗin mutane ke wucewa ta teburinsa a sakatariya, da malamin da aka zo wa da matsalar gida don neman fatawa. Kowanne an ba shi ajiyar da ta fi kuɗi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wani zai ce ai ƙananan abubuwa ne, ina ruwansu da masu mutuwa a kurkuku? Ruwansu kuwa babba ne. Wanda bai iya riƙe maganar maƙwabcinsa daga azahar zuwa magariba ba, alhali ba abin da zai same shi in ya yi shiru, da me zai riƙe ta ranar da shirun zai jawo masa asara? Hali ba ya faɗowa daga sama ranar tsanani. Abin da mutum ya saba da shi a kwanakin lafiya shi zai tarar a hannunsa.

Shirun da ba amana ba ne

Aya ta uku ta zo don kada mu karkace. Ta ba da labarin mutumin da ya taho da gaggawa daga ƙarshen birni ya sanar da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cewa manyan gari na shawarar kashe shi, ya ba shi shawara ya fita. Wannan ya yi magana, kuma maganarsa ce ta zama sanadin tsira. Ashe ma'aunin ba shiru ko magana ba ne. Ma'aunin shi ne: wa bakina yake karewa, wanda aka zalunta ko mai zaluncin?

Don haka wanda ya san inda ake ɓoye shanun sata, ko ya san mai lalata da ƙananan yara, ko mai kai wa masu garkuwa da mutane abinci da man fetur, ya ce shi ba ya tona asiri, wannan ba ɗan'uwan Addi Ba ba ne, abokin aikin azzalumai ne. Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, ya kuma ɗora laifin a kan zuciyar mai ɓoyewar. Irin wannan magana ana kai ta inda ta dace: wurin mai unguwa, ko dagaci, ko hakimi, ko jami'an tsaro, ba majalisar ƙofar gida ko shafin Facebook ba. Kuma sai an tabbatar, domin Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Mutum nawa aka yi wa rotse a ƙasar nan saboda wani ya nuna su da yatsa ya yi ihu, daga baya aka gane ba su san hawa ba, ba su san sauka ba? Mai riƙe sirrin mai rauni, da mai fallasa azzalumi a gaban hukuma, da mai ƙin sa hannu a kan ƙarya, duk aiki ɗaya suke yi.

Abin yi a yau

Kafin ka fita, ɗan'uwa, zauna kaɗan a kan buzunka ka lissafa mutanen da ka san wani abu nasu wanda in ya fita zai cutar da su. Za ka tarar sun fi yadda kake zato: matarka, abokin cinikinka, yaron shagonka, maƙwabcin da ya ranci hatsi a wurinka da dare don kada a gan shi. Ka ƙudurta cewa yau ba wanda zai ji nasu daga gare ka. In hira ta karkata wajen kuɗin wani ko tafiyarsa ko aurensa, ka juya ta ko ka tashi. In saƙo ya shigo wayarka ɗauke da hoton wani ko muryarsa, ya mutu a wurinka. In kuwa ka san wata cuta da ake shirya wa wani, kada rana ta faɗi ba ka kai maganar inda za a hana ta ba. Wanda kuma ya tuna ya taɓa sakin amanar wani, ƙofar tuba a buɗe take: ya nemi gafarar Allah, ya nemi yafewar mai haƙƙi in hakan ba zai ƙara ɓarna ba, ya gyara sunan da ya ɓata a wurin da ya ɓata shi.

Addu'a

Ya Allah, kai ka san abin da muka ɓoye da abin da muka bayyana, kuma ka rufa mana asiri alhali ba mu cancanta ba. Ka sa mu zama masu rufa wa bayinka asiri. Ka tsare harsunanmu daga gulma da annamimanci da shaidar zur. Kada ka sa bakinmu ya zama sanadin zubar jinin wani, ko mutuwar aurensa, ko zubewar mutuncinsa. Ka ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a inda shiru zai taimaki azzalumi. Kada ka jarrabe mu da abin da ba za mu iya ɗauka ba, in kuwa jarrabawa ta zo, ka tabbatar da dugaduganmu.

Ya Allah, ka ji ƙan magabatanmu da suka faɗi a Haɗejiya da Kwatarkwashi da Burmi, da sauran Musulmin da suka mutu suna kare raunana a ko'ina cikin duniya. Ka kuɓutar da waɗanda ke hannun masu garkuwa da mutane, ka shiryi masu nuna gidajen 'yan'uwansu, in ba masu shiryuwa ba ne ka yi mana maganinsu. Ka ba shugabanninmu tsoronka, su fifita jama'arsu a kan kujerunsu. Ka zaunar da Kiyawa da Dutse da Jigawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Ka sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu da zuriyarmu, ka sa mu wuni ba haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin, ya Rabbal alamina.